Ƙarin kuɗin kira da data: NCC mu take karewa ko kamfanoni?

Abu_Hanwa:
Assalamu alaikum jama'ar Zazzau. Ranar 20 ga Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da saƙo har kashi 50 cikin ɗari. Hujjar da aka ba mu ita ce rabon da a taɓa farashi tun 2013, kayan aiki sun yi tsada, kuma in an yi ƙarin sabis zai gyaru. To mun biya, muna kuma kan biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayata: a unguwanninku akwai wanda ya ga gyaran nan da idonsa? Don ni a ganina hukumar ta fi jin kukan kamfanoni a kan namu.

Maman_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam Abu ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a Tudun Wada nake, atamfa da turaren wuta nake sayarwa, kuma shagona kaf a cikin WhatsApp yake. In ban ɗora kaya a sitatus ba, ranar babu ciniki. Daga an idar da magariba sabis ya tafi ke nan, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa har mai son kayan ta gaji ta saya a wani wuri. Sai na bari dare ya raba sannan nake ɗora bidiyo. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wa'adin da ake sa wa data. In na auno mudun masara na ajiye, mai awo ba ya biyo ni gida bayan wata guda ya ce ragowar ta zama tasa. Me ya sa data da na biya da kuɗina za a ce lokacinta ya ƙare?

Sadiq_Samaru:
Gaskiya mu nan wajen Samaru ya ɗan fi da, musamman da safe. Amma in ɗalibai sun dawo hutu sai a koma gidan jiya.

Injiniya_Basawa:
Bari in faɗi abin da na sani, don ni aikina ke nan, gyaran janareta a ƙarafan sabis. Ba kare kowa nake yi ba.

Duk ƙarfen sabis da kuke gani dole ya samu wuta dare da rana. Wutar gari ba ta tsayawa, saboda haka man gas ne yake riƙe da shi, sai batura da sola a inda aka sa. Yawancin ƙarafan ma ba na kamfanonin layin ba ne, sun sayar wa kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kuma suna haya, kuma wani ɓangare na kuɗin hayar da Dala ake lissafa shi. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Eriya, batir, wayar faiba, manhaja, duk daga waje ake sayo su. MTN da kowa yake gani a matsayin giwa ta bayyana asarar kusan Naira biliyan 137 a 2023, a 2024 kuma wajen biliyan 400. Wannan ba jita-jita ba ne, kamfanin yana kasuwar hannun jari, dole ya buga lissafinsa.

Sannan ga sata. Akwai wani wuri a bayan gari da muka je da sassafe, muka tarar an yanke kwaɗon da almakashin ƙarfe, akwatin batura a buɗe babu ko ɗaya, ga guntun tiyo a bakin tankin da aka zuƙe man, ƙasa ta jiƙe baƙi ƙirin. Maigadin yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, an ɗaure shi da rawaninsa tun tsakar dare. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba abin da suka sani sai dai waya ta daina shiga.

Abu_Hanwa:
Injiniya, na ji bayaninka kuma ban musa ba. Amma shekarun da suka kwashe suna kwasar riba fa? Lokacin ba su ce a rage mana ba. Kuma mu ma ai Dalar nan ta taka mu. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ka lissafa buhun shinkafa ka ga abin da ya rage na kati.

Dalibin_Kongo:
Malam Abu, akwai gyara kaɗan a maganarka ta farko. Kamfanonin ninki suka nema, wato kashi 100, hukumar ta tsaya a 50. Kuma ba alfarma ta yi musu ba, sashe na 108 na dokar sadarwa ta 2003 shi ya ce ba wanda zai sa farashi sai da amincewar NCC. Dokar ta ɗora mata kaya biyu a ka: ta kare mai amfani da waya, ta kuma tabbatar kasuwar ba ta durƙushe ba. Inda nake tare da kai shi ne sharaɗi. Da an ce ga ƙarin nan, amma duk ƙaramar hukumar da ingancin sabis ya gaza kaza a cikin wata kaza, kamfani zai mayar wa jama'ar wurin wani abu kai tsaye a layinsu, da an ga aiki da gudu. Tara in an ci kamfani asusun gwamnati take shiga, Maman Khalifa da cinikinta ya wuce ba ta ganin ko sisi.

Baba_Kofar_Doka:
Yara, ku bar ni in sa baki. Ku da kuka taso kuka ga waya a hannun kowa ba za ku gane inda aka fito ba. Zamanin NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, mai son layi sai ya cike takarda ya zauna jira, wani har ya manta ya nema. Gidan da ke da tarho a cikin birni ana nuna shi da yatsa. In ɗanka yana Legas, sai dai wasiƙa ko ka ba direban mota saƙo a tasha.

A farkon 2001, zamanin Obasanjo, aka yi gwanjon lasisin GSM, kowane kamfani ya biya Dala miliyan 285. Da aka fara a watan Agusta, layi kaɗai sai ka ba da Naira dubu ashirin ko fiye, kira kuwa Naira 50 a minti, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe an cire maka kuɗin minti cif. Suka ce lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Glo na shigowa a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai ga shi ya yiwu ga kowa. Abin da na koya daga nan shi ne, ba roƙo ne yake sauke farashi ba, kishiya ce. Yanzu kuwa kasuwar kusan ta koma hannun biyu.

Sadiq_Samaru:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar nan haka take. Etisalat da ta zo a 2008 da ƙarfinta, tun da bashi ya kama ta ta koma 9mobile a 2017 ba ta sake komawa daidai ba. Ni ma ina da layinsu a ajiye.

Dalibin_Kongo:
Sadiq ai ba sai ka ajiye ba. Tun 2013 aka ba da damar mutum ya ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani ba tare da ta canza ba. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa kake ganin mutum da waya biyu layi huɗu.

Nura_POS_Sabon_Gari:
Ni kuma ta wani ɓangaren abin yake dukana. Ga mutum a gabana ya zo cire kuɗi, na sa kati, an cire a asusunsa, injina ya ce bai shiga ba. Shi yana ganin alat a wayarsa, ni ban ga komai ba. Wata tsohuwa da ta zo cirar kuɗin magani haka ta zauna a bencina tun hantsi har azahar tana jiran kuɗin su dawo, daga ƙarshe na ba ta daga aljihuna na ce in sun dawo ta kawo. Ta kawo kuwa, Allah ya saka mata. Amma da wani ne rigima za a yi har a tara mini jama'a.

Sannan ga kuɗin USSD, wato lambobin banki da ake dannawa a waya don tura kuɗi, Naira 6.98 duk shiga ɗaya. Da daga asusun banki ake cira, daga tsakiyar 2025 aka koma cira daga katin waya, saboda bankuna sun riƙe wa kamfanonin waya bashin biliyoyi an yi shekaru ana ja. Manya biyu suka yi faɗa, mai ƙaramar waya da ba ya iya amfani da manhajar banki shi ya ɗauki kayan. In tiransifa ta katse a tsakiya ka sake dannawa, wani cajin ne kuma.

Ummu_Aisha_Gyallesu:
Nura wallahi ka faɗi gaskiya. Mahaifiyata sai ta ce mini katinta yana ƙarewa ba ta kira kowa ba. Da na duba sai na ga an sa mata waƙar kira da wani saƙon wasanni da ba ta ma san da su ba, ana cira kullum.

Sadiq_Samaru:
Yaya Ummu, ki ɗauki wayar Mama ki tura STOP zuwa 2442, zai tsayar da saƙonnin talla. Sannan ki kira 300 ki ce su cire duk abin da aka ɗora mata. In ba su yi ba, ki karɓi lambar ƙorafin da za su ba ki, ki kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Na taɓa bi ta nan an mayar mini da kuɗina. Ko wannan haɗe lambobin da aka yi, *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data a kowane layi, ai aikin hukumar ne. Ba komai ne ba ta yi ba.

Dan_Giwa:
Kuna ta maganar tsada, mu mun ga abin da ya fi tsada, wato rashin sabis ɗin ɗungurungum. A ƙarshen Satumban 2021 aka rufe mana layi a Giwa saboda 'yan bindiga, har wajen ƙarshen Nuwamba. In kana son kira sai ka shigo mota ka nufo Zariya, kana wuce wani wuri sai ka ji wayoyin cikin motar sun fara ƙara gaba ɗaya, saƙonnin da suka taru suna shigowa. Akwai masu zuwa da jakar leda cike da wayoyin maƙwabta, kowace an liƙa mata takarda da sunan mai ita da lambar da za a kira. Ƙanwar babana ta rasu a lokacin, 'ya'yanta da ke Kaduna ba su ji ba sai bayan an yi sadakar uku. Masu kai masara da tumatir kasuwa suna tafiya ne a makance, ba su san farashi ba sai sun isa.

Malam_Tanimu_Wusasa:
Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma Dan Giwa a yi adalci, ba don mugunta aka yi ba. Zamfara aka fara rufewa a farkon Satumba, sai wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, sannan gwamnatin Kaduna ta nemi a yi a nata yankunan. Da waya ake neman kuɗin fansa, da waya masu kai rahoto suke sanar da su motsin sojoji.

Dan_Giwa:
Malam Tanimu ban ce mugunta ba ce. Amma da waya mu ma muke sanar da juna in an ga baburansu sun ɓullo. Da aka rufe, wa ya fi cutuwa? Su suna da hanyoyinsu, mu ne muka zama kurame.

Dalibin_Kongo:
Abin da ya dame ni a wancan lokacin shi ne babu wata ƙa'ida a fili da ta ce ga iyakar kwanakin da za a rufe, ga wanda zai sake duba matakin, ga abin da za a yi wa wanda datarsa ta ƙone yana zaune. Haka aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 da sanarwar ma'aikatar yaɗa labarai. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, ya kamata a ce akwai tsarin da aka rubuta, majalisa ko kotu na iya tambaya.

Ummu_Aisha_Gyallesu:
Haɗa layi da NIN ma ai da sunan tsaro aka kawo shi tun Disambar 2020, lokacin Pantami yana minista. Mun sha layi a rana da goyo a baya, a Afrilun 2022 aka toshe wa miliyoyin mutane kira. To har yau ba da waya ake kiran iyalan waɗanda aka sace ba? Ni abin da nake so a yi mini bayani ke nan.

Malam_Tanimu_Wusasa:
Rajista daban, bibiya daban. Hukumar sadarwa ba ta da bindiga, nata ta tabbatar kowane layi yana da mai shi, sauran aikin na jami'an tsaro ne. Kuma kada a manta a 2015 ta ci MTN tarar Dala biliyan 5.2 kan layuka sama da miliyan biyar marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka sasanta a Naira biliyan 330. Hukumar da take tsoron kamfanoni ba za ta yi haka ba.

Mai_Sauraro_PZ:
Tunda ana maganar hukumomi, kada a bar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, a baya. Mu da rediyo ne abokin hirarmu, daga Rediyon Tarayya Kaduna zuwa Queen FM da ABU FM, mun san halin da tashoshi suke ciki. Ga man janareta, ga kuɗin lasisi, talla kuwa ta gudu Facebook da TikTok. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, har da na gwamnatocin jihohi, sai da aka yi ta ba da baki ta janye. A Agustan 2022 ɗin dai ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 kan shirin da suka yi a kan 'yan bindiga. Shirin da ya nuna abin da Dan Giwa yake faɗa ne fa, halin da mutanenmu suke ciki. Tashar da ta ga haka, gobe za ta sake tura ɗan jarida daji? Sai ta cika lokacinta da gaishe-gaishe da tallan maganin gargajiya.

Dalibin_Kongo:
A kan wannan kotu ta yi magana. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara, don ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba.

Malam_Tanimu_Wusasa:
To amma a bar tasha ta faɗi duk abin da ta ga dama? Mu a jihar nan mun san abin da kalma ɗaya take iya haifarwa. Dole a samu mai tsawatarwa.

Mai_Sauraro_PZ:
A tsawatar, Malam, ba wanda ya hana. A kai gaban alƙali kowa ya faɗi nasa. Kuma in hukumar tana neman aiki, ga komawar talabijin tsarin dijital nan. An ƙaddamar a Jos a 2016, aka zo Kaduna a Disambar 2017, aka ce kowa zai kama tashoshi da yawa da ƙaramin dikoda. A Zariya mutum nawa kuka sani yana kallo da shi? Kowa ya kafa dish yana kallon tashoshin satalayit.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Abu, mun yi nisa. Maganar NBC a buɗe mata nata zauren, tana da faɗi.

Injiniya_Basawa:
To bari in dawo. Malam Abu ya ce shekarun riba fa. Gaskiya ne an ci riba, kuma ni ma ina ganin da an zuba fiye da haka a Arewa da ba mu kai nan ba. Kamfani inda kuɗi yake yake bi, Legas da Abuja da Fatakwal. Lasisin 5G da aka yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab kowa ya biya Dala miliyan 273.6, alhali akwai ƙauyuka tsakanin nan da Birnin Gwari da ko kira sai an hau tudu. Don irin wuraren nan dokar 2003 ta kafa asusun USPF, a kai sabis inda kamfani ba zai ga riba ba. Wannan asusun shi ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambaya a kansa, me aka yi da shi a mazaɓunsu.

Abu na biyu, aikin hanya. Duk inda kuka ga katafila tana haƙa, ku sa rai sabis zai ɗauke. Wayar faiba a gefen titi take kwance, haƙori ɗaya ya tsinke ta unguwanni sun yi shiru, mu kuma mu kwana a rami da tocila ana haɗa zare mai kaurin gashi. A 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, amma direban katafila ba wanda ya nuna masa taswirar inda wayar ta bi.

Abu_Hanwa:
Injiniya ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin shimfiɗa faiba tun 2020, lokacin da wasu jihohin suke karɓar dubbai a kowace mita. An yafe musu nan, an janye harajin kashi 5 da aka so ɗorawa kan kira da data, an kuma ƙara musu farashi. Mu me aka rage mana? Har yanzu muna biyan VAT kashi 7.5 a kan kowane kati. Saƙo daga Naira 4 ya koma 6. Kuma ku tuna a Fabrairun 2025 da MTN ta ɗaga tsarin 15GB na mako daga Naira 2,000 zuwa 6,000, ninki uku ke nan. Surutun jama'a ne ya sa suka fito suka ba da haƙuri.

Sadiq_Samaru:
Wancan garaɓasa ce suka cire, shi ya sa lissafin ya wuce kashi 50. Amma dai an ji jiki, ɗalibai da yawa da shi suke karatu.

Maman_Khalifa:
Ko garaɓasa ce ko mene ne, ni abin da ya fita daga jakata na sani. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar wa'adi. Dalibin Kongo, ƙanena, dokar taku me ta ce?

Dalibin_Kongo:
Anti, yadda suke tsara abin shi ne kin sayi damar amfani ne na kwana kaza, ba kaya ba. In kin sabunta kafin wa'adi ya cika, yawanci ragowar tana bin sabuwar. Akwai tsare-tsaren da wa'adinsu yake da tsawo, sai dai sun fi tsada a tashi ɗaya. Amma tunda kowane tsari sai hukumar ta amince da shi kafin ya fito kasuwa, tana da ikon ta ce ranar da sabis ya ɗauke a yanki a ƙara wa mutanen wurin kwana. Wannan shi ne abin da ya kamata mu nema da baki ɗaya, ya fi a ce a janye ƙarin, don ƙungiyar ƙwadago ma ta yi barazanar zanga-zanga a kan janyewar kuma farashin bai koma ba.

Baba_Kofar_Doka:
Yaron nan ya kawo shawara. Ku masu ilimin zamani ku rubuta, unguwa-unguwa, ranar da ya ɗauke da lokacin da ya dawo. Takarda mai sa hannun mutum ɗari ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi. Ku kai wa ɗan majalisarmu na tarayya kwafi, ku kai gidan rediyo.

Nura_POS_Sabon_Gari:
Baba ni zan iya ɗaukar na Sabon Gari da Muchiya, dama ina da littafin da nake rubuta duk cinikin da ya maƙale da lokacinsa. Sai dai a samu wani ya riƙe na cikin birni.

Malam_Tanimu_Wusasa:
Ku rubuta, ban hana ba. Ni dai har yanzu ina kan bakana, in ba a gyara wutar lantarki ba, ko an sauya shugaban NCC sau goma janareta ne zai ci gaba da yanke mana farashin kira.

Dan_Giwa:
Nura in kun fara ku sa da mu. Akwai ƙauyuka uku a wajenmu da ƙarfensu ya daina aiki tun bayan wani hari, ba a dawo an tayar ba. Injiniya, in na turo maka sunayensu ta akwatin sirri za ka iya gano mana ko na wane kamfani ne?

Injiniya_Basawa:
Turo. In akwai lambar da aka rubuta a jikin ƙofar shingen, a ɗauko mini hotonta, da ita zan fi saurin ganowa.